Kajin da nake kiwo ne suka jawo wa ɗana gudawar da ta ƙi jin magani?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ina kiwon kajin gidan gona a Gusau. Ɗana mai shekara 4 ya yi gudawa da zazzaɓi, sai da aka canja masa magani kafin ya samu sauƙi. A asibiti sun ce ƙwayar cutar ba ta jin maganin farko. Hankalina ya tashi, don duk mako ina zuba wa kajin kafso a ruwa saboda rigakafi. Ko daga nan ne?

Amsa: Hajiya, Allah ya ƙara masa lafiya. Babu mai iya cewa tabbas daga kajinki ne sai an gwada kashinsu da nasa an kwatanta. Amma hanyar a buɗe take. Ƙwayoyin cuta irin su Salmonella da Campylobacter da E. coli a hanjin kaza suke zama, lokacin fiɗa kuma su hau nama da wuƙa da hannu. Yaron da ke wasa a bakin akurki ba sai ya ci naman ba ma.

Abin da ya fi damuna a tambayarki shi ne kafson nan na duk mako. Kafso ba rigakafi ba ne. Na gaji da faɗa. Kullum sai an zo mini da kaji suna murɗe wuya suna faɗuwa, musamman da hunturu, mai su yana rantsuwa bai taɓa fashin kafso mai ja da rawaya ba. To ai cututtukan kaji irin su Nukasil da Gumboro ƙwayoyin bairos ne ke kawo su, ko buhu guda na tetirasaikilin, maganin da ke cikin kafson, aka zuba musu ba zai taɓa su ba. Allurar rigakafi ce kaɗai ke tare su.

Abin da kafson ke yi daban ne. Ɗan kaɗan a ruwan da ya wuni a rana, wata kaza ta sha da yawa, wata ta ɗan kurɓa. Ƙwayoyin cuta masu rauni su mutu, masu taurin kai su samu fili su hayayyafa. E. coli kan ninka kanta cikin minti 20 idan ta samu yadda take so, kuma suna miƙa wa juna wannan taurin kan. Da kuɗinki kike renon wadda za ta gagari likita.

Su kuma masu shagon da ke ba da wannan shawara, ba su ga kazar ba, ba su san nauyinta ba, sai dai "zuba musu Hajiya, ai ba ya cutarwa." Juya fakitin garin da suke kira bitamin ki karanta bayansa. A wasu za ki tarar da maganin ƙwayoyin cuta uku ko huɗu a haɗe, har da kolistin, wanda asibiti ke ajiyewa sai komai ya gaza. A 2015 aka gano ƙwayoyin da ba sa jin kolistin a dabbobi da ɗanyen nama a ƙasar Sin. Tarayyar Turai ta hana ba dabbobi irin waɗannan magunguna don su yi ƙiba tun 2006. Mu nan a faranti ake tallarsu ranar kasuwa. A 2019 kaɗai, mutum kusan miliyan 1.27 suka mutu a duniya saboda ƙwayoyin da suka daina jin magani, kuma idan aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce ta fi shan wahala.

Ki daina kafson daga yau. Ki bi jadawalin allura, ki riƙa sauya dusar katako idan ta jiƙe. In kaza ta yi ciwo, likitan dabbobi ya duba, kuma ki cika kwanakin jira da ke jikin takardar maganin kafin yanka ko sayar da ƙwai. Wuta tana kashe ƙwayar cutar ko da mai taurin kai ce, muddin naman ya dahu har ƙashi, sai dai ba lallai ta kawar da ragowar magani ba. Wuƙar da ta yanka ɗanyar kaza kada ta taɓa kabeji ko albasa sai an wanke ta da sabulu, yaron kuma a raba shi da akurki.