Tambaya da Amsa: Wane kaya zan saya don haɗa wilin keken tsere na atisaye?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina zaune a Birnin Kebbi, ina da keken tsere na gwanjo mai birkin roba, kuma ina fita da shi hanyar Kalgo zuwa Jega kwana huɗu a mako bayan sallar asuba. Nauyina kilo 84. Wilin baya sifok 24 gare shi, kuma sau uku ke nan yana tsinke mini cikin wata biyu. Ina son a haɗa mini sabbin wili da hannu. Me zan saya, kuma a kan me ya kamata in fi kashe kuɗi?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Tun da sifok uku suka tsinke a wili ɗaya, to sauran ma sun gaji, kuma canza su ɗaya bayan ɗaya asarar kuɗi ce kawai. Idan ka duba waɗanda suka tsinke, ina kyautata zaton za ka ga duk a gwiwa suka karye, wato wurin da sifok ya lanƙwashe ya shiga ramin hob, cibiyar wilin da aksul ya ratsa. Dalili shi ne, duk juyin da taya ta yi, sifok ɗin da suka zo ƙasa suna ɗan saki sannan su sake ɗamewa, kuma idan tun farko ba a ɗaure su da kyau ba, wannan saki da ɗamewa sau dubbai a kowace fita shi ke cin ƙarfen har ya rabu. Saboda haka wilin atisaye ba a neman rashin nauyi a gare shi. Abin da ake nema shi ne ya jure ramukan kwalta da ƙurar hunturu, kuma in ya sami matsala mai gyaran keke na unguwarku ya iya taɓa shi.

Ka fara da awo kafin ka fitar da ko sisi. Rim ɗin keken tsere shi ne wanda ake rubuta wa 700C, faɗin da'irarsa inda taya ke zama milimita 622. Na tsofaffin kekuna irin su Raleigh da Phoenix, da ake ce wa inci 28, milimita 635 ne, akwai kuma inci 27 mai milimita 630. A ido kusan ɗaya suke, amma taya ba za ta hau ba, don haka ka nemi lambar 622 a jikin rim da kanka. Sannan ka cire wili ka auna tazarar ƙafafun firam: a keken tsere mai birkin roba milimita 100 ne a gaba, 130 a baya, sai dai in tsoho ne mai giya 6 ko 7, wanda akan samu 126.

A kan yawan sifok, shawarata 32 gaba, 32 baya, kowane sifok ya gitta wasu uku kafin ya kai rim. Wannan shi ne tsarin da aka daɗe ana amfani da shi, kuma ga mai nauyinka ya fi 24 nesa ba kusa ba. Amfaninsa na bayyana ranar da tsautsayi ya faɗa: idan sifok ɗaya ya tsinke a cikin 32, wilin zai ɗan karkace amma ka buɗe birki ka dawo gida a kan kekenka, alhali mai 20 ko 24 yakan murɗe har ya riƙa gugar firam. Ka tabbata ramukan hob da na rim adadinsu ɗaya.

Hob shi ne inda nake son ka natsu sosai. Na Shimano, kamar Tiagra ko 105, irin wanda ake kwancewa ne a wanke boris a sa sabon giris, kuma wannan babbar riba ce a wurinmu, inda daga Disamba zuwa Fabrairu ƙura ke shiga ko'ina. Na baya yana ɗaukar boris 9 a kowane gefe, masu girman kwatar inci, waɗanda ba wuyar samu. Idan na gwanjo za ka saya, ka riƙe aksul da yatsu biyu ka juya a hankali; in ka ji gurzo kamar yashi, ka sa a buɗe a gabanka. Boris da kon (notin da ke matse boris a jikin aksul) ana iya canza su, amma idan kofin da ke jikin hob ɗin ya yi ramuka, ka bar shi ko da kyauta aka ba ka. Ka kuma ƙirga giyar bayanka: hob ɗin Shimano na giya 11 yana karɓar 8, 9 da 10 idan aka sa zoben milimita 1.85 a baya, amma na giya 10 ba ya karɓar 11 ta keken tsere.

Rim kuwa, ka ɗauki na alminiyam mai bango biyu, mai faɗin ciki milimita 17 zuwa 19, wanda zai zauna daidai da taya mai faɗin milimita 25 ko 28. Mavic Open Pro na Faransa da DT Swiss R460 sanannu ne a wannan aiki, amma suna ba shi ne sharaɗi ba. Na gwanjo ka ɗora gefen rula a inda robar birki ke kamawa. In ka ga haske ta ƙarƙashi saboda wurin ya lotsa, birki ya riga ya cinye shi, kuma irin wannan yana iya fashewa da iska a ciki.

Sifok kam sabo za ka saya, na ƙarfen da ba ya tsatsa, mai lanƙwasar gwiwa. Mafi kyau shi ne wanda kauri ya bambanta a jikinsa, milimita 2.0 a kai da gindi, 1.8 a tsakiya, irin DT Swiss Competition ko Sapim Race. Mutane da yawa suna ɗauka sirantar tsakiya rauni ce, alhali ita ce ke ba shi damar ɗan miƙewa ya sha jijjiga, sai gwiwa ta huta. Notin sifok ka ɗauki na tagulla. Na alminiyam ya fi sauƙin nauyi da 'yan giram, amma bayan damina ɗaya ko biyu yakan kama ya ƙi juyawa, sifana ta cinye kansa. Tsawon sifok lissafa shi ake yi daga awon rim da na hob ɗin da ke hannu, domin kuskuren milimita 2 ya isa ya ɓata aiki, kuma na gefen sarƙa a baya sukan fi na hagu gajarta kaɗan. Saboda haka sifok ne abu na ƙarshe da za ka saya.

Duk da haka, abin da ya fi kayan nan muhimmanci shi ne hannun mai haɗawa, kuma a nan ne ba na son ka yi rowa. Ya ɗiga mai a zaren kowane sifok, ya riƙa ƙara ɗauri kaɗan-kaɗan yana zagayawa, har gefen sarƙa ya kai ƙarfin kilo 110 zuwa 120 in yana da ma'auni. In ba shi da shi, kunne na taimakawa: ka ƙyasta sifok na gefe ɗaya da farce kamar tsirkiyar molo, sautinsu ya kamata ya zo kusan ɗaya, wanda ya yi ƙasa-ƙasa a sake yake. Daga nan ya naɗe hannu da tsumma ya matse sifok bibbiyu da ƙarfi, ya zagaye wilin duka, ya sake daidaitawa. Wilin da aka tsallake wannan mataki shi ne za ka ji yana "ƙis-ƙis" a fitar farko, kafin mako ya karkace. Mai gyaran da ya ce zai gama maka duka biyu cikin minti 30, ka nemi wani.

Kada ka manta da tef mai ƙarfi da zai rufe ramukan cikin rim, domin tsohon tif da ake yankawa a naɗa ba ya jure iskar keken tsere. In firam da birki sun ba da wuri, ka sa taya 28 mai kariyar huda, saboda ƙayar tsidau da ke gefen titi. Ka kuma sayi ƙarin sifok biyu na kowane tsawo ka ajiye, tun da samun daidai tsawonsu daga baya a Birnin Kebbi zai iya sa ka jira saƙo daga Kano ko Legas.