Tagwaye a mabiyiya ɗaya: me sikanin ɗin farko yake nunawa?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Daga Aboabo nake a Kumasi. Cikina mako 13, tagwaye ne. A takardar sikanin an rubuta MCDA, kuma mai awon ta ce ruwan ƙeyar ɗaya ya fi na ɗayan kauri. An ce daga mako 16 in riƙa zuwa duk mako biyu. Surukata ta ce yawan haska ciki yana dafa yara, sau ɗaya ya isa. Tun ranar na kasa barci. Ɗayan mutuwa zai yi?

Amsa: Wa'alaikumussalam 'yar'uwa. Ki kwantar da hankalinki, abin da aka gani ba hukunci ba ne. Kin ma yi dace da kika je da wuri, domin tsakanin mako 11 da 14 ne ake tantance mabiyiya da kyau. Idan fatar da ta raba yaran ta sauka siririya kamar harafin T, mabiyiya ɗaya ce. Naki ke nan, shi ne ma'anar MCDA: kowane yaro da jakar ruwansa amma mabiyiya ɗaya, wato kowa da ɗakinsa amma mita ɗaya, irin gidan haya na Zango. Jijiyoyin jininsu sun haɗu a cikinta, sai ɗaya ya riƙa tura wa ɗayan jini fiye da kima. Shi ne TTTS, yakan samu 10 zuwa 15 cikin 100 na irin wannan ciki.

Alamun da muke dubawa da wuri su ne bambancin ruwan ƙeya (ruwan da ke ƙarƙashin fatar bayan wuyan yaro) da ya kai kashi 20 cikin 100, bambancin tsawo na kashi 10, jini yana komawa baya a jijiyar hanta da ake kira ductus venosus, da igiyar cibiyar da ta maƙale a gefen mabiyiya. Suna sa mu ƙara sa ido ne kawai. Mata da yawa masu wannan bambanci sun sauka lafiya, wasu kuma awonsu daidai yake tsaf amma cutar ta zo daga baya.

Sai maganar Hajiya surukarki. Wallahi na gaji da jin ta. Sikanin sauti ne ke shiga ya dawo, ba hasken hoton ƙashi ba ne, ba ya dafa kowa. TTTS yakan taso tsakanin mako 16 da 26, kuma cikin 'yan kwanaki zai iya lalata abin da aka gani lafiya lau. To sikanin ɗin wata uku zai faɗa miki abin da bai faru ba tukuna? Ga yadda nake ganin matan da ba a bibiya ba: mace ta shigo a mako 24 tana haki, ciki ya ɗaure kamar ganga, fata tana sheƙi, ba ta iya kwanciya. A gida an ce mata ai haka cikin 'yan biyu yake. In na ɗora na'ura, ɗaya yana ninƙaya a ruwan jakarsa da zurfinsa ya wuce santimita 8, ɗayan ya manne a bango, ruwansa bai kai santimita 2 ba, mafitsararsa ba ta ganuwa. Dangi kuma suna murna da babban, alhali shi ne zuciyarsa ke neman gazawa saboda jini ya yi masa yawa. In na ce ina takardunki, sai ta zaro hoto guda daga shagon bakin titi, inda aka karɓi kuɗinta aka ce mata maza ne biyu. Ko adadin mabiyiya ba a rubuta ba. Mai shago ya sayi na'ura, bai sayi ilimi ba. Kuma tunda jininsu a haɗe yake, mutuwar ɗaya tana iya tafiya da ɗayan ko ta taɓa ƙwaƙwalwarsa. Idan aka gano da wuri, akwai abin yi, har da aikin leza na toshe jijiyoyin da suka haɗu.

Ki nemi a tura ki asibitin koyarwa na Komfo Anokye da ke Kumasi. Duk zuwa a auna ruwan jakar kowanne, a duba mafitsara, a rubuta a katinki. Haihuwa kuma mukan tsara ta wajen mako 36. Idan ciki ya kumbura farat ɗaya ko numfashi ya yi miki wuya, kada ki jira ranar awo, ki taho ko da tsakar dare ne. Zuwa na gaba ki roƙi Hajiya ta rako ki, a ba ta kujera kusa da allo ta ga jikokinta suna motsi.