Wane littafin tarihin yaƙi ya cancanci kuɗina?

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a Daura, ina sha'awar tarihin yaƙe-yaƙe da dabarun soja. Kowa na cewa in fara da Sun Tzu, tsohon masanin yaƙi na ƙasar Sin. Kuɗina ba su da yawa, ta yaya zan gane littafin kirki?

Amsa: Ƙanena, littafin Sun Tzu yana da daraja, amma babi 13 ne na ƙa'idoji kusan zalla. Wanda bai taɓa bin yaƙi guda daga tushensa har ƙarshensa ba, haddar zance kawai zai yi. Ka fara da yaƙin da aka gwabza a ƙasar da kake takawa, wato jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo.

Nemi Infaƙul Maisuri na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, mutumin da ya shiga fagen daga da kansa. A Tafkin Kwatto, a 1804, jama'ar Shehu dawakinsu kaɗan ne, amma 'yan baka suka karya mahayan Gobir. Ba a jima ba aka yi wa jama'ar Shehu mummunar ɓarna a Tsuntsuwa, kuma Alƙalawa, babban birnin Gobir, ba ta faɗi ba sai 1808. Me ya ja shekaru huɗun nan? Yunwa, ganuwa, damina da neman abokan ƙawance. Nan dabarun yaƙi suke. Sai dai ka tuna ɓangare guda ne ke magana, don haka ka haɗa da binciken Yusufu Bala Usman kan Katsina na 1981, da na M. G. Smith kan Daura na 1978, wanda ya bi sawun sarakunan Daura da suka koma Zango da Ɓaure bayan jihadi. In kana son sanin aikin lifidi, sulke da ribaɗi (garin tsaron iyaka), Joseph Smaldone ya yi littafi a kai a 1977.

Kafin ka biya kuɗi, juya bayan littafi ka ga inda marubucin ya samo labarinsa. Akwai taswira? Ya faɗi abin da dakaru suka ci, da inda dawaki suka sha ruwa? Littafin da ba ya ambaton ranar da gwarzonsa ya sha kashi, kirari ne, ni ba na sayensa.

Kan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, Obasanjo da Alexander Madiebo, kwamandan sojan Biyafara, duk sun fitar da littafi a 1980. Kada ka karanta ɗaya ka bar ɗaya.

Littafin Clausewitz kuwa, masanin yaƙi Bajamushe, ka bar shi sai daga baya. Yana da nauyi, kuma sai ka san yaƙe-yaƙen Napoleon za ka gane inda ya dosa.