Amsa ga 'yar'uwar da tsoro ke tayarwa da tsakar dare

'Yar'uwa, na karanta tambayarki sau biyu. Kin ce wajen ƙarfe 2 na dare kike farkawa gabanki na dukan uku-uku, musamman in maigida yana kan hanya, kuma wata a zumuntar mata ta ce miki rashin bangaskiya ne. Mu da yawa a nan mun san wannan daren.

Bari in fara da mai maganar nan, don ita ta fi ɓata min rai. Irin su ne mutum zai zo da rauni su zuba masa gishiri. Ka ce ba ka barci, su ce ka binciki zunubinka. Ka yi kuka a wurin addu'a, kafin Lahadi labari ya zaga ikilisiya. Sai ki koma gida da kaya biyu, ga tsoro ga jin Allah yana fushi da ke. Ba su karanta 1 Sarakuna 19 ba ne? Iliya da ya kira wuta daga sama, Yezebel ta aiko masa da saƙo ɗaya ya gudu jeji yana roƙon mutuwa. Mala'ika bai yi masa faɗa ba, abinci da ruwa ya ba shi har sau biyu, ya bar shi ya yi barci. A Zabura 56:3 ma Dawuda cewa ya yi in ya ji tsoro zai dogara ga Allah, bai ce ba ya jin tsoro ba.

In abin ya taso, kada ki kwanta kina kokawa da shi. Tashi ki zauna, ƙafa a ƙasa. Ja numfashi ta hanci ki ƙirga 4, ki sake shi a hankali ki ƙirga 6, kamar sau 10. Saurin numfashi ne ke kawo jiri da tsikarin yatsu, sai mutum ya ɗauka mutuwa ce ta zo, alhali yawanci cikin minti 10 firgicin yake kai ƙarshen ƙarfinsa ya fara sauka. Aya ɗaya ta isa, Ishaya 41:10 ko Zabura 4:8, ki haddace ta da rana, don cikin firgici ba a iya laluben shafi.

Wayar nan kuma! Bidiyon gawarwaki da ake turowa a WhatsApp, ki daina buɗewa, ki kashe data tun ƙarfe 9. Goro, Nescafé da shayi mai kauri, ban da su bayan azahar. Kuma kada ki ɗora wa kanki azumin kwana 3 yanzu, yunwa kanta tana sa rawar jiki da faɗuwar gaba.

Filibiyawa 4:6 ta ce a kai roƙo tare da godiya. Da yamma ki ɗauki takarda, ki rubuta abin da kike tsoro da sunansa, ki rubuta abu 3 na godiya, ki yi addu'a a kansu, ki rufe. Ku tsayar da lokaci ɗaya da maigida zai riƙa kira in ya sauka.

In ya wuce mako 2 ba barci ba cin abinci, je asibiti a auna jininki da hawan jini, a duba maƙoƙo, duk suna iya sa bugun zuciya. Kada ki sayi maganin barci a kemis, yana kama jiki. Ki nemi dattijuwa ɗaya mai riƙe sirri wadda za ki iya kira ko ƙarfe nawa ne, amma ba waccan ba.