Gidan kallo ko gidan gem? Ni na yi, ga abin da na gani

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa da ka ce ka tara miliyan biyu da 'yan kai, kana tsakanin buɗe gidan kallon ƙwallo, ko gidan gem na wasan bidiyo, ko ka ajiye teburin sinuka, wallahi da na karanta tambayarka sai na ga kamar ni ne a 2019. Har maganar da ka yi cewa wani dattijo a unguwarku ya yi maka alkawarin fili "ka yi ta amfani har sai ka gaji", ita ce ta sa na kasa wucewa. Ni ma haka aka ce mini.

Na buɗe nawa gidan kallon ana fara kakar Firimiya ta Ingila a watan Agusta. Rumfar kwano, benci ashirin da biyu, talabijin uku, dikoda biyu ta DStv, fanka huɗu da janareta. Wata bakwai kawai na ci moriya korona ta zo, a watan Maris na 2020 aka tsayar da ƙwallo a Turai, mu ma aka kulle gari. Wannan ba laifin kowa ba ne, na haƙura. Abin da ya kamata ka sani shi ne ko ba korona, duk shekara kana da taka koronar: daga ƙarshen Mayu zuwa Agusta babu lig. In ba shekarar Kofin Duniya ba ce ko wata gasa, sai dai ka zauna kana korar ƙuda, haya kuma ba ta san an tafi hutu ba. Kuma kada lissafin ranar El Kilasiko ya ruɗe ka. Ranar da Madrid da Barcelona za su haɗu, ko Arsenal da Manchester United, har a ƙasa mutane ke zama. To amma ranar da ƙananan kulob biyu ke wasa fa? Mutum takwas, uku a ciki abokanka ne da ba za su biya ba, janareta kuma man da yake sha ɗaya ne.

Mai kuwa, kun dai sani. Tun daga 29 ga Mayu 2023 da aka ce tallafin mai ya tafi, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ta wuce dubu. Na ƙara kuɗin shiga daga 100 zuwa 150, yara suka yi mini yajin aiki na sati guda, wai na zama azzalumi. Yanzu ma da yawa a waya suke kallo, mutum biyar su haɗa kuɗin data su zauna a dakali. In har za ka yi, to rabin kuɗin nan naka sola za ta cinye, faranti da inbata da batir, domin wasannin Zakarun Turai na Talata da Laraba ƙarfe takwas ko tara na dare ake take su, lokacin da rana ta daɗe da faɗuwa. Batir mai kyau shi ne gidan kallon, ba girman talabijin ba.

Amma duk wannan ba shi ya kayar da ni ba. Mai fili ne.

Mutumin nan Baba nake ce masa. Abokin mahaifina ne, a sahu ɗaya suke sallah. Lokacin da na karɓi wurin juji ne, ni na kwashe bola da kura huɗu, na zuba marmara, na yi daɓe, na jawo wuta da kuɗina. Na ce masa Baba mu rubuta takarda, ya ce haba ɗana, ni da ubanka sai takarda? Kunya ta kama ni na yi shiru. Shekara huɗu da rabi ban taɓa makara da haya ba, da azumi har sukari da gero nake kai masa. Sai Kofin Afirka na farkon 2024 ya zo. Ranar da mu 'yan Najeriya muka fitar da Afirka ta Kudu a bugun fenariti, wurin ya cika har titi. Ranar wasan ƙarshe da Kwaddibuwa, 11 ga Fabrairu, sai da na aro benci daga makarantar allo. Ina tsaye a ƙofa ina karɓar kuɗi na hango Baba a tsallake, zaune kan kujera da carbi, yana kallon masu shiga. Wallahi na ɗauka albarka yake sa mini. Troost-Ekong ya ci mana, aka rama, Haller ya ƙara musu, aka tashi biyu da ɗaya, kowa ya watse rai a ɓace. Ni ban san nawa ɓacin ran yana gaba ba.

Saura kwana kaɗan a kama azumi ya aiko a kira ni. Wai maƙwabta sun kawo ƙara, ana ihu da daddare, yara ba sa zuwa Islamiyya, shi kuma ba zai je gaban Allah da wannan nauyin ba. Ya ba ni wata ɗaya. Na roƙe shi ya bari a gama kaka, saura wata biyu da ɗoriya, lokacin ne ma ake shiga zagayen kusa da ƙarshe na Zakarun Turai, wanda shi ne kakar girbinmu. Ya ce a'a. Na je wurin mai unguwa, tambayar farko da ya yi mini ita ce ina takardarku. Na sunkuyar da kai. Na cire kwanona da hannuna, rabi ya lanƙwashe, daɓe da wayar wuta kuwa ai ba a ɗauka.

Bayan ƙaramar sallah na biyo ta layin, sai ga sabon kwano a kan daɓena. Gidan kallo. Ɗansa ne a ƙofa, kuma yaron da ke yi mini aiki, wanda na koya wa saita dish tun bai san hagu da dama ba, wanda na biya wa kuɗin jarrabawa, shi ne ke riƙe da rimot. Ya gan ni ya kau da kai. Ashe ihun ya daina damun maƙwabta. Har yau in na tuna sai in ji wani abu ya tsaya mini a wuya. Mahaifina ya ce in bar wa Allah, na bari, amma ko ɗaurin aure ne a layin nan zagayawa nake.

Kai, na yi nisa. Batun gem, ƙanena yana yi, shago ɗaya, na'urar wasa ta PS4 huɗu. Shi ba ruwansa da hutun lig, kullum ana bugawa, wutar da yake ci kaɗan ce, kuma in mai shago ya yi masa irin tawa, a Keke Napep ɗaya zai kwashe komai. Matsalarsa hannun wasa, yara suna kashe shi kamar me, ga iyaye. Shi dokarsa duk mai kayan makaranta ba ya shiga, kuma ana kiran sallah yake kashewa. Ka yi haka tun ranar farko, kafin a kai ka gaban Hisba ko mai unguwa. Ni ma wasan yamma na Asabar da ke faɗawa kan magariba ya sha jawo mini magana. Sinuka kuwa ni ba na ba ka shawara. Ba don babu kuɗi ba, akwai, amma ko ka hana sai an sa kuɗi a gefe, daga nan ta zama caca, daga caca sai faɗa, kuma sunanka za a kira ba na masu wasan ba. In a Kano kake, ka fara zuwa Hukumar Tace Fina-finai ka ji sharuɗɗan rajista kafin ka sayi ko ƙusa.

Ni yanzu hayar kujeru da rumfunan biki nake yi. Ba a tafi, ba a ihun gol, wani lokacin ina kewar hayaniyar, amma watan Sha'aban da bayan sallah ba na zama, kuma kayana a soron gidanmu suke kwana. Su ma ana karya su, kada ka ce na ce aljanna ce.

In ka nace sai gidan kallon, to dattijon nan naka, ko kakanka ne, ku rubuta: shekara nawa, haya nawa, wa ke da gini in an rabu, mai unguwa da shaidu biyu su sa hannu. In ya ce "ni da kai sai takarda?", ka gaishe shi da kyau ka nemi wani filin. Kuma ina da benci goma sha huɗu da fanka biyu da suka rage, suna nan suna shan ƙura. Ka yi mini magana ta akwatin saƙo, ba zan tsauwala maka ba.