Injin Rawa Ɗaya, Masu Jira Da Yawa: Amsa Ga Mai Ɗakin Wasanni a Sabon Gari

Wani ɗan kasuwa da ke da ɗakin wasanni a unguwar Sabon Gari, nan Damagaram, ya aiko da tambaya wadda zan taƙaita. Yana da PlayStation da teburin ƙwallo, kwanan baya kuma ya ƙaro injin rawa na hannu, irin mai dandamali biyu wanda ake taka kibiyoyi ana bin kiɗa. Yana karɓar dala ashirin, wato sefa 100, ga kowane mutum a zagaye ɗaya. Daga La'asar zuwa dare ɗakin kan cika, amma kusan kullum sai an yi cacar baki a kan wanda zai hau, ƙananan yara da ƴan mata kuma sun fara janyewa. Yanzu wasu samari da suka ƙware sun ce za su riƙa ba shi jaka ɗaya, wato sefa 1,000, a bar musu injin na awa guda. Yana tambaya ko ya karɓa, ko ya ƙara farashi, ko ya ci bashi ya sayo inji na biyu.

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Amsata a gajarce ita ce kada ka karɓi jakar nan a lokacin cunkoso, kada kuma ka yi gaggawar cin bashi, domin abin da ya lalace a ɗakinka shi ne layi, gyaran layi kuwa ba ya cin kuɗi.

Bari mu fara da lissafi, tun da shi ne zai raba gardama. A irin waɗannan injuna, zagaye ɗaya yawanci waƙa uku ne, kowace waƙa kuma ba ta cika wuce minti biyu ba. Idan aka haɗa da zaɓen waƙa da hawa da sauka, mu ƙaddara zagaye yana cin minti 8, wanda ke nufin zagaye 7 a awa guda. Ka auna naka injin da agogo, domin wannan misali ne kawai, amma ba zai yi nisa da gaskiya ba. Idan mutum ɗaya ke hawa a kowane zagaye, awa tana kawo maka sefa 700, idan kuwa dandamalin biyu duk suna da mutum, tana kawo 1,400. Jakar da samarin nan suka yi maka tayi ta fi 700, shi ya sa ta yi maka kyau a ido, amma ta gaza 1,400 da sefa 400 a kowace awa, kuma wannan ita ce ƙaramar asarar. Babbar asarar ita ce mutanen da za su leƙo su tarar an kama injin har zuwa Magariba su juya, alhali da sun tsaya jira da sun buga ƙwallon tebur, sun sayi ruwan sanyi, sun kuma dawo gobe da abokansu. Injin rawa ba ya iya ƙara sauri don mutane sun yi yawa. Abin da kawai ke hannunka shi ne kada dandamali ya zauna babu kowa, kuma mai jira ya yarda cewa jiransa yana da iyaka.

Wannan matsala ba a ɗakinka ta fara ba. Kamfanin Konami na Japan ya fito da Dance Dance Revolution a 1998, mai kibiya huɗu a kowane dandamali, sannan kamfanin Andamiro na Koriya ta Kudu ya biyo da Pump It Up a 1999, mai wurin takawa biyar, huɗu a kusurwa ɗaya a tsakiya. Tun daga lokacin masu wasan suka tsara wa kansu al'adar jira. A Amurka mai son hawa yakan ajiye kwandala ko kati a gaban injin, a jere, kowa ya san nasa. A Japan ɗakunan wasa da yawa suna ajiye kujerun jira ko takardar rubuta suna, kuma abin kunya ne mutum ya gama zagayensa ya sake zuba kuɗi alhali wani na jira. Mutumin Damagaram ba baƙon wannan tsari ba ne, domin duk wanda ya ga jerin jarkoki a bakin famfo lokacin bazara ya san cewa jarka tana riƙe wa mai ita wuri ko da ya koma inuwa, kuma ya san irin rigimar da ke tashi idan aka wayi gari an matsar da ita.

Sai dai ban ba ka shawarar jera kwandaloli ba. Dala ashirin ɗin wani ba ta da bambanci da ta wani, kuma kuɗin da aka bari a fili cikin ɗakin da yara ke kai da komo, ko dai ya ɓace ko mutum biyu su yi rantsuwa a kansa. Ka sa kafinta ya yanka maka ƙananan katakai, a rubuta musu lamba daga 1 zuwa 20, ka kuma kafa allo da alli a inda kowa zai gani daga bakin ƙofa. Mai son hawa ya biya yaron shagonka, a ba shi lamba, a rubuta ta a allo. Mutum ɗaya lamba ɗaya, kuma ba a sayar wa wanda ke kan inji wata lambar sai ya sauko, domin ta wannan ƙofar ce ƙwararru ke mallake inji ba tare da sun karya doka a zahiri ba: suna kan rawa abokinsu yana saya musu wuri. Wanda ya gama ya sauka ya koma ƙarshen layi, ko da aljihunsa cike yake. Idan aka kira lamba sau biyu mai ita bai amsa ba, a wuce shi, a mayar da shi baya, kuɗinsa kuma yana nan bai faɗi ba. Lokacin salla a kashe sauti a tsayar da layin gaba ɗaya, a ci gaba daga inda aka tsaya, don kada wani ya rasa wurinsa saboda ya tafi masallaci, don kuma maƙwabta su ga kana kiyaye haƙƙinsu.

Dandamali na biyu shi ne inda ribarka take, saboda haka ya kamata ka yi masa doka ta musamman. Idan mutum 12 suna jira kowa yana hawa shi kaɗai, layin ba zai ƙare ba sai bayan fiye da awa ɗaya da rabi, amma idan bibbiyu suke hawa, minti 48 ya isa. Don haka a lokacin cunkoso kowa ya san da wani zai hau. Mai lamba yana iya zuwa da abokinsa idan abokin ya biya, in ba shi da aboki sai a kira lamba ta gaba. Abin da ke hana mutane yarda da wannan shi ne tsoron kunya a gefen gwani, amma yawancin injunan suna barin kowane ɗaya ya zaɓi matakin wahalarsa a kan waƙa guda, ka tabbata yaron shagonka ya iya nuna wannan. Wanda lambarsa ta riga ya zaɓi waƙar farko, ɗayan ya zaɓi ta biyu, ta uku su daidaita. Akwai kuma salon da mutum ɗaya ke taka dandamalin biyu a lokaci guda, wanda ƙwararru ke so ƙwarai. Wannan ko dai ya biya kuɗin mutum biyu, ko ya bari sai ɗaki ya yi sauƙi.

Yanzu ga wurin da na fi jin tsoro, wanda allo da katako ba za su magance shi su kaɗai ba. A tarbiyyarmu yaro yana tashi ya ba babba wuri, kuma wannan abu ne mai kyau a zaure da masallaci da wurin biki. Amma a ɗakin wasa, saurayi ɗan shekara ashirin yakan yi amfani da wannan ya ce wa ɗan shekara goma, “Kai, sauka in yi ɗaya,” yaron kuma ba zai iya musu ba, sai ya sauka ya tsaya a gefe da lambarsa a hannu, jibi kuma ba za ka gan shi ba. Yaron shagonka shi ma sau da yawa ƙanen waɗannan samari ne a unguwa, ba zai iya ɗaga musu murya ba. Saboda haka dokar dole ta fito daga bakinka, ba daga bakinsa ba. Ka rubuta ta a bango, ka zauna da kanka a ɗakin da yamma na mako ɗaya ko biyu, a ga ka mayar da babban saurayi baya cikin lalama saboda lambar yaro ta riga tasa. Daga nan yaron shago zai iya cewa, “Ba ni ba ne, dokar Alhaji ce,” kuma wannan kalma za ta tsare shi. Haka nan ka hana shi saka abokansa a gaba ko ba da zagaye bashi, domin ranar da masu jira suka ga an yi wa wani alfarma, allon ya zama ado. Irin waɗannan injuna suna da wurin da ke ƙidaya zagayen da aka buga, ka riƙa gwada shi da kuɗin da aka miƙa maka kowane dare.

Masu kallo su ma suna da nasu ladabin, kuma rashinsa ne nake zaton ya kori ƴan matan fiye da tsawon layi. Ka ja layin fenti a ƙasa, taku biyu daga injin, kada mai kallo ya ƙetare shi. Ba a taka dandamalin da babu kowa a kai don kwaikwayon mai rawa, ba a jingina da ƙarfen da ke bayansa wanda yake riƙewa, ba a giftawa tsakaninsa da allon kallo, domin ƙiftawar ido ɗaya tana ɓata masa waƙa. Tafi da kirari ba laifi, amma yi wa sabon shiga dariya laifi ne da ya kai a fitar da mutum, haka nan ɗaukar wani a waya ba da izininsa ba. Budurwar da ta san ana iya watsa bidiyonta a TikTok kafin ta isa gida ba za ta hau ba ko da kyauta ne, iyayenta ma ba za su bar ta ta zo ba. Ina ganin ya dace ka ware musu lokacinsu, misali safiyar Lahadi, da mace mai kula da ɗakin, ka gwada na wata guda ka ga abin da zai shigo.

Injin kansa yana da haƙƙi a kan masu hawa. A ƙarƙashin kowace kibiya akwai na'urar da ke jin taku, kuma yashi da ƙurar hunturu su ne abokan gabarta. A ajiye tabarmar goge ƙafa, a kakkaɓe takalmi kafin a hau, kada a hau da ruwan leda a hannu, a kuma ajiye tsumma don wanda ya gama ya goge gumin da ya bari a ƙarfe. Silifas kan zame, gara takalmi mai kama ƙafa. Kibiya ɗaya da ta daina ji tana mayar da injin mai dandamali biyu ya koma mai ɗaya, ka ga 1,400 ta koma 700 har sai mai gyara ya samu zuwa. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar zagaye, waɗanda ke kai su ne farkon hawa idan ta dawo, kuma daga farko za su soma. Ka rubuta wannan ma tun kafin ya faru.

Game da ƙarin farashi, ban ga dalilinsa a ranakun aiki ba, domin yawancin abokan cinikinka ƴan makaranta ne masu kuɗin kashewa kaɗan. A ranakun Salla, lokacin da gari ke cika bayan hawa kuma yara na da goron Salla a aljihu, maimakon ka ƙara kuɗi kana iya rage zagaye daga waƙa uku zuwa biyu ta wurin saitin injin, muddin ka sanar a allo tun daga ƙofa, kada mutum ya biya sannan ya ji an yanke masa. Abin da ban yarda da shi ba sam shi ne a ce wanda ya ƙara kuɗi ya tsallake layi, domin ribar da za ka samu daga mutum ɗaya ba ta kai amincewar goma da ke tsaye ba.

Samarin nan kuwa kada ka kore su, su ne ke jawo ƴan kallo, su ne kuma za su koya wa sababbi. Ka kira su gefe ka ce ka karɓi tayinsu, amma a lokacin da injin yake zaune: da hantsi, ko awar ƙarshe kafin ka rufe. A wannan lokacin jaka ɗaya riba ce tsantsa, tun da da ma babu mai hawa. Kana iya ƙara musu da gasa sau ɗaya a wata, da kuɗin shiga da ƴar kyauta, inda za su nuna gwanintarsu a gaban jama'a ba tare da sun tare wa kowa hanya ba.

Batun inji na biyu ka jinkirta shi har sai ka yi wata guda da wannan tsari kana rubutawa a littafi: zagaye nawa aka buga kowace rana, nawa ne a ciki aka hau bibbiyu, da mutum nawa suka duba allo suka juya. Idan bayan watan ka ga dandamalin biyu suna cike daga La'asar har rufewa, kuma har yanzu ana juyawa kullum, sai ka lissafa masu juyawar a sefa 100 kowanne, ka cire kuɗin wuta da man gurup, wato janareta, da gyara, ka ga wata nawa ragowar za ta ɗauka kafin ta biya injin. Ka aiko mini da waɗannan alƙaluma tare da farashin da aka yi maka da sharuɗɗan bashin, mu duba su tare kafin ka sa hannu a kowace takarda.