Me ya sa wilin tsohuwar mota ya kwance bayan janwe ya ja ta da baya?

Tambaya: Ni direba ne a Legas. Maigidana yana da tsohuwar mota MGB, ƙirar kamfanin MG, mai wili na sifoku irin na keke. Ta mutu mana a Ikoyi, mai janwe ya ɗaga bayanta, ya ja ta ta gadar Third Mainland. Kafin mu isa Agege tayar gaba tana rawa, notin ya kusa fita. Shin bakanike ne bai ɗaure ba?

Amsa: Malam, ka gode Allah da tayar ba ta fice a kan gada ba. Ba lalle laifin bakanike ba ne, jan da aka yi mata da baya ya isa ya jawo haka.

Wannan wili tsarin kamfanin Rudge-Whitworth ne na Ingila, wanda MG da Jaguar da Austin-Healey suka daɗe suna sakawa. Noti ɗaya tak ke riƙe shi a tsakiya, mai kunnuwa, da guduma ake buga shi. Zaren murɗa notin hagun mota irin wanda muka saba ne, na dama kuwa a juye yake. Da gangan aka yi haka.

Ka zura awarwaro a tabarya ka mirgina ta, za ka ga awarwaron yana ɗan zama baya, domin ya fi ta faɗi. Haka notin yake a kan bakin wili. Nauyin mota yana danne su a wuri guda, wurin kuma yana zagayawa da tayar, sai notin ya riƙa jan jiki baya kaɗan-kaɗan. Idan gaba ake tafiya, wannan jan jikin ɗaure shi yake yi. Aka juya tafiyar, kwance shi yake yi. Ribas a farfajiyar gida ba komai ba ne. Amma gadar nan kilomita 11.8 ce, tayarka kuma tana juyi kusan 500 a kowace kilomita, ka ga an doshi juyi 6,000 ke nan tun ba a sauka Oworonshoki ba.

Mai janwe akwatin giya ya so ya kare, tunda tayoyin baya ke jan motar, sai dai bai san wilin ba. Nan gaba ka nemi mota mai shimfiɗaɗɗen baya a ɗora ta ɗungurungum, ko da kuɗin ya fi. In babu, a ɗaga gaba, a cire farfela, wato sandar da ke haɗa akwatin giya da tayoyin baya.

Yanzu ka sa jak, ka cire wilin, ka goge giris, ka duba haƙoran da yake zama a kansu. Idan sun yi tsini kamar na zarto, rawar nan ta cinye su, sai canji, don birki mai ƙarfi zai iya sa wilin ya zame a kansu. In lafiyarsu lau, shafa sabon giris, ka ɗaure tayar tana sama, da gudumar dalma ko ta tagulla, kana buga kunnen sama zuwa bayan mota, a hagu da dama duka.